Wasiƙa ga Iyaye: Yaranmu Sun Fara Gina Shafukan Intanet

Assalamu alaikum iyaye da masu riƙon ɗalibanmu. Muna fatan kuna lafiya tare da iyali.

A wannan zangon 'yan kulob ɗin kwamfuta na SS1 da SS2 sun fara koyon gina shafin intanet. Sun soma da HTML, rubutun da ke tsara kanu da sakin layi da hoto, wanda Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro a cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke Turai, inda shafin intanet na farko ya fito a 1991. Daga nan suka shiga CSS mai kula da launi da girman haruffa. JavaScript, mai sa shafi ya amsa idan an danna wani abu, sai zango mai zuwa in Allah ya kai mu.

Kowane rukuni ya gina 'yar jaridar makaranta da Hausa. Da farko ƙ da ɗ da ɓ suka riƙa fitowa a hargitse, sai malaminsu ya nuna musu layi guda da ake sawa a saman shafi don a karanta shi da tsarin UTF-8, nan take haruffan suka daidaita.

Amma darasin da ya sa muka rubuto muku shi ne wannan. Malamin ya buɗe shafin wata kafar labarai, ya zaɓi Inspect, wato wurin da ke nuna HTML ɗin shafi, a cikin manhajar buɗe shafuka ta Chrome, ya goge kanun labarin ya rubuta nasa. Tambarin gidan yana nan, launi yana nan, ba abin da ya nuna an taɓa. Canjin a kwamfutarsa kaɗai yake, da an sabunta shafin zai ɓace. To amma idan aka ɗauki hoton allon kafin nan fa? Irin wannan hoto ne ke yawo a WhatsApp da Facebook, ana cewa BBC ce ta faɗa, kuma sau da yawa mu manya ne ke tura shi gaba. Mun taso muna yarda da rediyo, Sashen Hausa na BBC tun 1957 yake magana, don haka da mun ga tambarinsa sai hankali ya kwanta. Masu ƙarya sun san da haka.

Roƙonmu, idan labari ya shigo wayarku a hoto, ku ba yaron ya nemo shi a ainihin shafin. Mun koya musu duba adireshi harafi bayan harafi, misali bbc.com/hausa, da duba ranar da aka wallafa, domin tsohon labarin rikici kan dawo kamar jiya ya faru. In bai samu ba, kada a tura.

Rubuta HTML ba ya cin data, ko a tsohuwar kwamfuta ana yi da manhajar rubutu ta Notepad, saboda haka kada wani yaro ya ce sai an saya masa sabuwar waya.

Za a nuna shafukan a ɗakin kwamfuta ranar taron iyaye da malamai na ƙarshen zango, bayan an raba sakamako. Muna so iyaye mata su ma su halarta, domin 'yan mata na cikin kulob ɗin.

Wassalam,
Shugaban Makaranta