Kafin Mu Sayi Tagogi, Mu Duba Inda Rana Take Bugawa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida domin in ja hankalin masu gina gidaje game da tagogi, waɗanda galibi akan bar wa mai walda ko mai haɗa alminiyom ya yanke hukunci a kansu shi kaɗai. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, sannan hukumar kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga kuɗin wutar masu rukunin Band A, wato waɗanda aka ware wa wutar aƙalla awa 20 a rana, zuwa naira 225 kan kowane yunit a watan Afrilun 2024, sanyaya ɗaki ya zama ɗawainiya mai nauyi, alhali kuwa da yawa daga cikin zafin da fanka da na'urar sanyaya ɗaki suke fama da shi ta taga yake shigowa.

A sababbin unguwanninmu an mai da faɗin gilashi alamar wadata. Mutanen Turai suna da dalilin son babbar taga, domin suna neman rana ta shigo ta ɗumama musu ɗaki, amma mu da zafin bazara kan haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, buƙatarmu ita ce iska ta shigo, rana kuwa ta tsaya a waje. Magina na da, waɗanda suka yi soraye da tubali mai kauri da ƴan ƙananan tagogi can sama, sun san wannan sarai.

Saboda haka, kafin a yi maganar irin gilashin da za a saya, ya kamata a fara duba bangon da za a huda. Tagar gabas tana shan hantsi, ta yamma kuma, wadda ta fi kowacce illa, tana karɓar ranar la'asar kai tsaye a daidai lokacin da bango ya riga ya ɗauki zafin yini, kuma da yake rana ta yi ƙasa a lokacin, ƴar rumfar da ke saman taga ba ta iya tare ta. Tagogin kudu da arewa su ne masu sauƙin karewa, don rana tana bi ta samansu ne, rumfa kaɗan ko bakin rufi da ya fito waje ya isa ya yi musu inuwa. Labule yana taimakawa, sai dai ba ya kai inuwar waje, domin kafin ya tare hasken, zafi ya riga ya ratso gilashi. Inda tagar yamma ta zama dole, a ƙanƙanta ta, a kuma dasa darbejiya a gabanta.

Sai kuma yanayin buɗewa. Taga mai zugewa, wadda ta cika kasuwa, rabinta kawai take buɗewa, ga ragar sauro da ƙarafan tsaro suna ƙara rage iskar, yayin da mai murfi biyu take buɗewa gaba ɗaya, ta kuma rufu ruf idan ƙurar hunturu ta taso. Baƙin gilashi yana rage haske, amma shi kansa yakan yi zafi ya turo wani sashe cikin ɗaki. Gilashi mai ruɓi biyu da mai shafin mayar da zafi suna da amfani, musamman ga ɗakin da na'ura take aiki a cikinsa kullum. Wanda ya dogara da fanka kuwa, a ganina gara ya kashe kuɗinsa wajen yin tagogi biyu masu fuskantar juna don iska ta ratsa.

Gwamnatin Tarayya ta fitar da kundin ƙa'idojin tsimin makamashi a gine-gine tun 2017, wanda ya tanadi cewa idan tagogi suka wuce kashi 20 cikin ɗari na bango, wajibi ne a yi musu inuwa. Ina kira ga hukumomin tsara birane na jihohi, irin su KNUPDA a Kano, da su riƙa duba wannan yayin amincewa da zanen gini, su kuma bayyana shi da Hausa ga magina da masu walda.

Wassalam.
Wani mai karatu, daga Kano