A Bar Sabbin Katolika Su Koma Ajin Katikizim Bayan Baftisma

Zuwa ga Edita,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarku domin in yi magana da 'yan'uwana mabiya ɗarikar Katolika masu jin Hausa, musamman Fadoji da katikist-katikist, wato malaman da ke koyar da addini a coci, a kan halin da sabon mai bi yake shiga bayan an yi masa baftisma.

Ni mutumin karkara ne, na tashi a gidan da ake bin addinin gargajiya, kuma sai da na manyanta, da mata da 'ya'ya, sannan na shiga ajin katikizim na manya, inda ake koya wa masu shirin baftisma tushen addini. Na yi kusan shekara biyu ina zuwa kowace Lahadi bayan an tashi daga coci, muna zama a kan benci ƙarƙashin darbejiya, katikist yana karanto tambaya muna ba da amsa baki ɗaya. A daren jajibirin Ista aka yi mini baftisma, aka ba ni sakramentin Ƙarfafawa (sakramenti alama ce mai tsarki ta alherin Allah, wannan kuwa shafe ne da mai domin karɓar Ruhu Mai Tsarki), na kuma karɓi Jibin Ubangiji, wato tsattsarkan gurasa, karo na farko, duk a dare guda, kamar yadda Ikilisiya ta tsara wa manya. Da gari ya waye aka yi shagali, aka ci aka sha, daga nan kuma ajinmu ya watse, domin lokacin sharar gona ya yi, damina tana tafe, kowa ya kama gabansa.

Abin da ya fara nuna mini cewa da sauran aiki shi ne ranar da na je furta zunubi karo na farko. Babban mutum da za a yi wa baftisma ba ya furta zunubi kafin ranar, tun da baftismar ce take wanke masa dukan abin da ya gabata, saboda haka duk darasin da aka yi mana a kan wannan sakramenti mun saurare shi ne a lokacin da bai shafe mu ba tukuna. Na durƙusa gaban Fada, addu'ar tuba tana bakina tsaf, amma na rasa inda zan fara da abin da ke zuciyata. Na fito jikina a sanyaye. Haddar da na yi ta ishe ni amsa tambayoyin da aka yi mana kafin baftisma, amma ba ta raka ni zuwa wannan wurin ba.

Da aka buɗe sabon aji, sai na je na zauna a bencin baya. Katikist ɗinmu, dattijo mai haƙuri, ya dube ni ya ce, "Malam, ai kai ka gama, ko wani abu ne ya faru?" Wasu kuma a gari suka ɗauka faɗuwa na yi aka mayar da ni. Na bayyana masa dalilina, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce in zauna.

Zama na biyu ya sha bamban da na farko, ko da yake littafin bai sauya ba, malamin ma shi ne dai. A Lahadi ta huɗu ta azumin kwana arba'in ana karanta wa masu shirin baftisma labarin mutumin da aka haifa makaho, daga sura ta 9 ta Bisharar Yohanna. A zamana na farko hankalina yana kan farin yadin da zan ɗinka da kuma ko sunana zai fito cikin waɗanda aka zaɓa. A zama na biyu, da ba ni da wata fargaba, sai na lura cewa mutumin nan sai da idonsa ya buɗe, aka yi ta yi masa tambayoyi, danginsa suka ja da baya, aka kore shi daga majami'ar Yahudawa, sannan daga ƙarshe ya san ko wane ne ya warkar da shi. Duk wanda ya bar addinin gidansu ya san nauyin wannan labari.

Abin da nake nema ba baƙon abu ba ne a Ikilisiya. Babban Taron Batikan na Biyu, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1965, shi ya ba da umurni a maido da tsohon tsarin shirya manya mataki-mataki, kuma littafin tsarin ya fito a 1972. A cikinsa akwai mataki na ƙarshe da ke zuwa bayan baftisma, wato kwanaki 50 daga Ista zuwa Fentikos (bikin saukowar Ruhu Mai Tsarki), wanda aka keɓe domin a zauna da sabbin masu bi a buɗe musu ma'anar abin da suka karɓa. Haka magabata suka yi. Bishop Ambros na birnin Milan, wanda ya yi wa Agustin, shahararren malamin Ikilisiya, baftisma a shekarar 387, yakan jinkirta bayanin sakramenti sai a makon Ista, bayan mutane sun gani da idonsu. Wannan matakin ne ya fi saurin salwanta a ƙauyukanmu, inda Fada ɗaya yake zagaya majami'u da yawa, katikist kuma manomi ne kamar kowa, ga shi lokacin ya faɗo daidai bakin damina. Ban ga laifin kowa ba, amma giɓin yana nan, kuma na san waɗanda muka yi aji tare da yanzu sai Kirsimeti ake ganinsu.

Ina so a fahimce ni da kyau: baftisma sau ɗaya ake yi, ba a maimaita ta, kuma wanda ya koma aji ba ya komawa matsayin mai neman shiga. Wajibi ne kuma ya san cewa ajin na sababbi ne, kada ya riƙa riga su amsa, kada ya mai da kansa mataimakin malamin da ba a naɗa ba. Ni kaina sai da na koyi kame bakina.

Roƙona ga Fadojinmu shi ne su sanar a coci, a fili, cewa duk wanda aka yi wa baftisma yana da izinin sake zama a ajin shekara mai zuwa, domin kunya ce take hana mutane da yawa. Inda damina ta hana zaman bayan Ista, a mayar da shi bayan girbi. Tun da kuma a 2023 an kafa Dayosis na Katsina, wato yankin Ikilisiya mai bishop nasa, aka naɗa Bishop Gerald Mamman Musa, Bahaushe ɗan ƙasar Malumfashi, ina fata shugabanninmu za su ƙara himma wajen samar da littattafan koyarwa cikin Hausa mai sauƙi waɗanda suka wuce tambaya da amsa, waɗanda mutum zai iya karantawa a gida da iyalinsa. A bana matata ce take shirin baftisma, kuma na riga na gaya wa katikist cewa za mu riƙa zuwa tare.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridarku albarka.

Naku,
Wani mai karatu daga kudancin Jihar Katsina