Masu ɗibar ƙasarmu su riƙa dawo mana da sakamako

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ina gaishe ka da aiki, tare da dukan ma'aikatan jaridarku. Ni tsohon malamin gona ne, na yi ritaya, yanzu ba ni da aiki sai duba 'yar gonata da karatun jarida. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, duk sanda kuka kawo labarin ma'adinai, zancen ba ya wuce kuɗi da lasisi da 'yan bindiga. Akwai wani ɓangare da ba ku cika taɓawa ba, wato abin da masu bincike suka gano game da ƙasar da muke takawa, da kuma dalilin da ya sa wannan sanin ba ya isowa ga mai fartanya.

Bari in fara da agwagi. A farkon shekarar 2010, mutanen wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum a jihar Zamfara sun ga agwaginsu suna mutuwa, ba wanda ya ɗauki abin da muhimmanci. Sai yara suka biyo baya: amai, ciwon ciki, jijjiga, kwana biyu ko uku sai a kai yaro makwanci. Wasu suka ce sanƙarau ne, wasu zazzaɓin cizon sauro, wasu kuma suka ce iska ce. Ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF ne suka lura cewa maganin zazzaɓi ba ya yi wa yaran komai, aka ɗebi jini aka kai gwaji waje. Ashe gubar dalma ce. Dutsen da ake haƙowa don neman zinare yana cike da dalma. Maza su kawo shi gida a buhu, a daka a turmi ko a kai injin niƙa, ƙurar ta baɗe tsakar gida, ta sauka kan tabarma da kwanon tuwo. Yaro mai rarrafe kuwa, duk abin da hannunsa ya taɓa sai ya kai baki. Yara fiye da 400 suka rasu a Dareta da Yargalma da Abare da maƙwabtansu. Allah ya jiƙansu.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne yadda aka gano gidajen da suka gurɓata. Wata na'ura ce da ba ta fi a riƙe da hannu ɗaya ba, ana kiranta XRF, da hasken X-ray take aiki. A ɗora bakinta a ƙasa, a danna, kafin ka gama shan kofin ruwa ta faɗi yawan dalmar da ke wurin. Inda ta nuna haɗari, sai a kankare saman ƙasar da fartanya, a kwashe a binne nesa da gari, a zubo sabuwa. Dole sai an yi haka kafin a ba yaro maganin da ke fitar da dalma daga jini, don in ya koma cikin ƙurar, an yi aikin baban giwa. Bagega, wadda ta fi kowane ƙauye girma a cikinsu, sai 2013 aka share ta, saboda kuɗin gwamnati sun makara. Shekara biyu bayan nan, a 2015, abin ya sake faruwa a Shikira ta ƙaramar hukumar Rafi a jihar Neja, yara 28 suka tafi. Ina tambaya, a tsakanin waɗannan shekaru biyar, wa ya je ya faɗa wa mutanen Shikira da harshen da suke ji cewa kada su daka dutsen nan a gida?

Irin wannan gwajin na haske shi masu binciken kayan tarihi suke yi wa yumɓu. Gumakan yumɓu na Nok ma, a kudancin jihar Kaduna, ai masu haƙar kuza ne suka fara cin karo da su a 1928, kafin Bernard Fagg, wani Bature masanin kayan tarihi, ya gane darajarsu a 1943. Daga 2005 masana na jami'ar Frankfurt ta Jamus, tare da hukumar gidajen tarihi ta Najeriya, suka yi shekaru suna tono a yankin. Sun gano mutanen Nok gero suke nomawa, kuma daga maiƙon da ya maƙale a cikin fasassun tukwane aka tabbatar a 2021 cewa suna ɗibar zuma tun kimanin shekara 3,500 da suka wuce. Ban raina wannan aiki ba, ya burge ni ƙwarai. Amma ka duba: an san abin da ke cikin tukunyar wanda ya mutu shekara dubu uku, ga uwa a ƙauye ba ta san abin da ke cikin tandun kwallinta ba.

Wannan zancen kwalli ya shafe ni har cikin gida. Ranar sunan jikata, na ga kakarta ta wajen uwa ta fito da tandu, ta lakato da ɗan tsinke ta zizara wa jaririyar a ido, wai don ido ya yi haske. Haka aka yi mana, haka muka yi wa 'ya'yanmu. To, dutsen nan mai walƙiya da ake niƙawa a yi kwalli, galibinsa dutsen dalma ne. A 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka sun sami dalma a jinin wani jariri ɗan asalin Najeriya, da aka gwada kwallin da ake sa masa sai aka ga kashi 82 cikin ɗari dalma ce zalla. Na yi ƙoƙarin yi wa surukar tawa bayani, ta kalle ni ta ce, "Malam, kai da aka sa maka, ga ka nan har da furfura." Ban sami amsar da za ta gamsar da ita ba. Da a rediyo ta ji daga bakin likita, wataƙila da ta saurara.

Haka zancen kanwa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta ciwon zuciyar da ke kama masu jego da yawan shan kunun kanwa haɗe da wankan ruwan zafi da kwanciya kan gadon wuta, saboda gishirin da ke cikin kanwa yana tara ruwa a jiki. Shekara hamsin ke nan. A Tibiri kuma, kusa da Maraɗi, ruwan rijiyar burtsatse mai yawan sinadarin fuloraid ya lalata haƙoran yara masu yawa, ya tanƙware ƙafafun wasu, shekaru suna sha kafin a farga.

A ɓangarena na noma, akwai abin da ya haɗa gona da wannan magana kai tsaye. Yaron da ke fama da ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini, jikinsa ya fi saurin zuƙar dalma. A 2018 Nijar ta fitar da wani irin gero mai suna Chakti, wanda cibiyar binciken noma ta ICRISAT ta samar, yana da sinadarin ƙarfe fiye da geron da muka saba. Na tambayi dillalan iri a kasuwarmu, babu wanda ya taɓa jin sunansa.

Ni kaina an taɓa yi min. Wasu matasa sun zo da mota daga wata makaranta, suka ɗebi ƙasar gonata a leda shida, suka rubuta lamba a jikin kowace, suka ɗauke ni hoto. Na ba su ruwa da gyaɗa. Suka ce in sha Allah za su turo min abin da gonar ke buƙata, ko fosfet ne ko zinki. Damina ta bakwai ke nan ina zuba taki da ka.

Roƙona gare ku, Malam Edita, ku ware ko da rabin shafi ne a wata, ku je sashen ilimin ƙasa da na aikin gona da na likitanci a jami'o'inmu, ku ce su ba ku abin da suka gano, ku rubuta da Hausar da surukata za ta gane. Ku tambayi hukumomin lafiya na jihohin da ake haƙar zinare ko suna da wannan na'ura ta XRF, guda nawa ne, kuma yaushe rabon da a kai ta ƙauye. Ku sayo kwalli daga kasuwanni uku ko huɗu ku kai a gwada, ku buga sakamakon. In kun tashi, ni zan kawo tandun gidanmu.

Na gode.

Naku,
Tsohon malamin gona, daga Gusau