Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Dakta, tunda ka tambaya ina muke

Assalamu alaikum Dakta, ɗana. Ya iyali, ya aiki, ya Abuja da sanyin otal-otal ɗinta? Allah ya ƙara ɗaukaka.

'Yata ce ta nuna min abin da ka rubuta a Facebook, ka kama sunana ɓaro-ɓaro ka ce in amsa a gaban jama'a, alhali lambata tana wayarka kuma ka san ƙofar gidana. To madalla, tunda a kasuwa ka ga dama mu yi, ga ni na fito.

Don waɗanda ba su ga farkon zancen ba, ɗan rubutu na yi makon jiya na ce yaranmu maza suna zubewa a makaranta muna kallo, kuma su ne gobe za su zama magidantan da riƙon gida zai gagare su. Shi ne Dakta ya jefo min tambaya uku. Wai ko kukan mazan Amurka na kwaso a intanet na kawo Kano. Wai ko baƙin ciki nake da ci gaban 'ya'ya mata. Ta ukun kuwa bari in kawo ta yadda ya rubuta: "In da gaske yara maza sun lalace, ina kuke ku malamai duk shekarun nan, in ba gindin bishiya kuna jiran alat ba?"

Ta Amurka ba za ta ɗauke ni lokaci ba. Na san can tun farkon shekarun 1980 mata suka fi maza karɓar digiri kuma suna ta muhawararsu, wannan su ya dama. Ni ko fasfo ban da shi, abin da na faɗa daga littafin rajistar aji na ɗauko shi. Ta 'ya'ya mata kuwa dariya ma ta ba ni, 'ya'yana mata huɗu ne, babbar ungozoma ce a asibiti, ta biyun tana koyarwa, kuma da wannan albashin da kake yi wa gori na karantar da su. Na san a karkara har gobe yarinya ake fara cirewa daga makaranta, ban musa ba. Shirin AGILE da Bankin Duniya ya zuba wa dala miliyan 500 a 2020 don karatun 'yan mata, har da Kano a jihohin farko, ban ce a rage masa ko sisi ba, Allah ya ƙara ma. Cewa na yi a waiwayi ɗayan ɗakin, shi ma yoyo yake. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba.

Ta ukun ce ta hana ni barci, gaskiya. Ina muke.

Ban so in faɗi wannan ba don gori ba halina ba ne, amma kai ka tambaya. Kusan shekara 20 da suka wuce akwai wani yaro a ajina na SS2, yana zama layi na biyu ta jikin taga, kansa na ja ƙwarai a lissafi, sai aka wayi gari babu shi, mako ɗaya, biyu, uku, na tambayi abokansa suka ce ai ya samu babur yana acaɓa. Na hau kekena bayan la'asar na je zauren gidansu na sami mahaifinsa, Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne, na ce Alhaji yaron nan fa asara za a yi. Ya dube ni ya ce Malam ai namiji ne, gara ya fara neman na kansa. Ban tashi daga tabarmar nan ba sai da aka kira magariba, na koma washegari, na sake komawa, a zuwa na huɗu ya ce to Malam na bar maka shi. Ka san yaron, Dakta. Kullum kana ganinsa in za ka ɗaura hula. To a ranar nan dai ba gindin bishiya nake ba.

Kuma wannan kalmar ta mahaifinka, "ai namiji ne", wallahi ita ce duk abin da nake ƙoƙarin faɗa a rubutun da ka yi wa ba'a. Na ji ta ya fi a ƙirga. Yarinya in ta kai magariba ba ta dawo ba gidan gaba ɗaya ya tashi, uwa ta yafa mayafi, yayye sun bazu unguwa. Yaro kuwa yana kai shekara 12 ko 13 sai a mayar da shi shagon samari ko ɗakin zaure, shigarsa da fitarsa babu mai gani, ya kai sha biyun dare a gidan kallon ƙwallo babu mai tambaya, karin kumallo ma a wasu gidajen an sallame shi, wai ya nema. Uban ya fita tun asuba sai bayan isha'i, ba don ba ya so ba, neman abinci ne. Tsaron da ake yi wa yarinya wani lokaci har yawa yake ya koma takura, na yarda, amma dai akwai idon da ke kanta. Shi kuwa an sake shi sakaka an kira abin 'yanci.

To wannan yaron ake turo min da safe. Bari in gaya maka yadda yake zuwa tunda ka daɗe rabonka da ajin da babu fanka. Yana shigowa JSS1 ba ya iya karanta jimla ɗaya, ba Turanci ba Hausa, don a firamare turo su kawai ake yi aji zuwa aji, kuma ajin da zai shiga sun haura 100, wasu a ƙasa wasu a taga. Yarinya in ba ta gane ba sau da yawa za ta raɓi ƙawarta ko ta biyo malama bayan darasi. Shi kuwa an riga an koya masa namiji ba ya cewa ban iya ba, sai ya koma kujerar baya ya zama shugaban masu surutu, gara a ce masa tantiri da a ce masa daƙiƙi. Mu kuma, a nan zan karɓi laifinmu, sai mu sa masa bulala, bulalar da ba ta taɓa koya wa kowa baƙi ba. Ana tashi tara ya tsallake katanga, ga yunwa ga kunya, ya tafi gareji ko kasuwar Kwari ko wurin gyaran waya a Farm Centre, ko ya ɗauki buhu ya shiga bola jari.

Kuma kar ka ɗauka wawaye ne, lissafi suke yi. Wani ya taɓa tsayar da ni da ladabinsa ya ce Malam, yayana ya yi digiri, yajin aikin ASUU na 2020 ya cinye masa wata tara, na 2022 ya cinye takwas, ya gama ya yi bautar ƙasa, yanzu adaidaita sahu yake ja ta wani yana kai balas kullum, ni kuma a wurin gyaran waya ina samun na cefane, me zan zauna yi? Na buɗe baki zan yi masa wa'azin ilimi sai na ga idonsa a kan takalmina. Ni kaina ni ne hujjarsa, shekara 28 da alli a hannu, ranar 20 ga wata sai na ci bashi a wurin mai kanti wanda shi ma ɗalibina ne da ya gudu tun JSS3. Kai da ka yi digiri uku, ba ni amsar da zan ba yaron nan, zan rubuta ta a allo.

Da can akwai amsa. Wanda bai yi nisa a boko ba yana da inda zai dosa, masana'antu cike a Bompai da Sharaɗa da Challawa, a Kaduna masaƙun Kakuri tun daga 1957 suna ɗaukar dubban maza, mutum da takardar firamare zai yi aure ya gina gida ya yi wa 'ya'yansa makaranta. Daga SAP, shirin tsuke bakin aljihu na gwamnati a 1986, abin ya fara ja baya, wuta ta gagara, atamfar waje ta cika Kwari, zuwa shekarun 2000 manyan masaƙun sun rufe ɗaya bayan ɗaya. 'Ya'yansu suka hau acaɓa, a Janairun 2013 aka hana acaɓa a Kano bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, suka koma adaidaita, a Mayun 2023 aka cire tallafin mai, balas da kuɗin mai suka cinye ribar. Duk ƙofar da suka nufa sai a turo ta. Amma abin da ake nema a wurin namiji bai ragu da ƙwayar zarra ba, lefe na nan, sadaki na nan, haya, cefane, ragon suna, kayan sallah, ɗawainiyar iyaye. Mutum ya kai 35 yana ɗakin zauren da aka sa shi tun yana 13, ya yini a majalisa wurin mai shayi, mu wuce mu ce zaman kashe wando.

Daga nan ne ƙwaya take samunsu. Binciken da UNODC, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ta yi da gwamnati a 2018 ya ce mutum miliyan 14.3 ne ke shaye-shaye a ƙasar nan kuma a duk huɗu ɗaya ce mace, sauran ukun ka lissafa da kanka, ai ka iya lissafi, ni shaida ne. A shekarar ce aka hana kodin bayan rahoton BBC, sai suka koma wasu abubuwan. Sannan 'yan siyasa su zo lokacin zaɓe su kwashe su a motoci a matsayin 'yan jagaliya, an gama a watsar, a Kano a kira su 'yan daba, a Bauchi sara-suka, a Gombe kalare. Almajiran da ke yawo da roba a titi ma ai ba ka taɓa ganin mace a cikinsu ba. Kuma ga wani abu da yake min ciwo, duniya ta san satar 'yan matan Chibok, kuma wajibi ne ta sani, amma wata biyu kafin nan, a Fabrairun 2014, an shiga kwalejin tarayya ta Buni Yadi cikin dare an kashe gomman yara maza a ɗakin kwanansu, mutum nawa ne a taronku za su iya tuna sunan garin? Ƙanƙara a Disambar 2020, yara maza sama da 300 aka kora daji, da aka dawo da su aka yi ta rufe makarantun kwana, wa ya bi sawu ya ga nawa suka koma aji?

Kai da kake kare 'ya'ya mata, su wa kake so su aura? A JAMB ta 2024 mata sun ɗan ɗara maza yawa a rajista in aka haɗa ƙasar gaba ɗaya, na yi murna, amma yarinyar da ta yi NCE ko makarantar jinya a cikin samarin majalisar nan za ta zaɓi miji, albashinta ya zama na cefane, shi kuma zuciya ta ci shi yana ganin an raina shi, faɗa, duka, saki, ta dawo gidan ubanta da goyo. Je ka zauna a ofishin Hisba yini ɗaya ka ji ƙararrakin da ake kawowa.

Malaman banza akwai su, ban ɓoye ba, a Kaduna a 2017 sama da 21,000 suka faɗi jarrabawar 'yan aji huɗu na firamare, kunya ta kama mu duka. Amma wa ya ɗauke su aiki, da takardar wane ɗan siyasa suka zo? Wa ya rufe kwalejojin horon malamai masu ba da Grade II? Jihar da ta kafa makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, waɗanda suka cika asibitocin Arewa da likitoci, ita ce a 2024 sai da gwamna ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, mu malamai ne muka sace rufin azuzuwan? Kullum in abu ya lalace malami ne, in an zo rabon kuɗin gyara kuma sai ƙwararru, a tara ku a otal kwana uku, a haska majigi, a ci kaza, a sa hannu a karɓi alawus, a fito da rahoto mai hoton yara a bango, yaran da ko sunan ɗaya ba a sani ba. Sau biyu aka taɓa gayyatata irin wannan taron bitar, duka biyun ba a ba ni lasifika ba, hoto aka ɗauke ni. Ban ce don kuɗin nan kake magana ba fa, Allah ya sani, na dai lura tun da na fara zancen yara maza waɗanda abincinsu ke ɗaya ɓangaren ne suka fi kowa jin zafi, kamar na ce a raba musu tukunya. Abokan aikina da suka yi ritaya wasu sun mutu suna bin giratuti, ɗaya a cikinsu shi ya koya maka kimiyyar sinadarai, ban ga ka rubuta komai ranar jana'izarsa ba.

Ran Litinin ina da SS1 ƙarfe goma da rabi, bayan tara kenan, lokacin da ajin yake komawa rabi. Ka zo, ba sai ka sanar ba, ka zo da motarka don akwai gidaje bakwai da nake son zuwa kuma keken nan ya tsufa, gwiwar ma haka. Akwai wani yaro a cikinsu mako uku kenan ban gan shi ba, an ce yana kasuwar Dawanau yana dakon buhu, kansa na ja a lissafi. Uban ya riga ya gaya min abin da naka ya gaya min, sau biyu na je. Wataƙila in ya ga Dakta da babbar riga ya saurara.

Ka gaida maiɗakinka da yara.

Naka,
Malaminka na lissafi