Mai Koyar da Cafe

Columbus, Ohio, Amurka.

Zuwa ga aminina Koci,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da Hajiya da uwargida da yara. Mu ma nan lafiya lau, sai sanyin da har yau jikina ya ƙi sabawa da shi.

Saƙonka ya iso, na kuma ji ƙorafinka cewa sabbin shugabannin kulob ɗin unguwa sun kawo wani sun ɗora a kanka, kai kuma aka bar ka da masu tsaron gida uku kacal. Na yi dariya, ka yafe mini. Ba halin da kake ciki ne ya ba ni dariya ba, tuna mini ka yi da wani mutum da garin nan ke ji da shi, wanda aikinsa bai wuce irin wanda kake rainawa ba.

Ka san ƙwallon mutanen nan da hannu ake yin ta. Mutum ɗaya ke jefawa, wasu su sheƙa a guje su cafe. Ana ba ƙungiya dama huɗu ta ci yadi 10, kuma yadin nan dai shi ne wanda ake auna mana shadda da shi a Kantin Kwari. A jami'ar Ohio State da ke garin nan, filin wasansu na cin mutum sama da 100,000, kuma ɗalibai ne ke bugawa. Kowane rukuni na 'yan wasa da kocinsa. Na masu cafe daga 2018 zuwa 2025 sunansa Brian Hartline.

Ɗan jihar nan ne, daga Canton. Shi ma a wannan jami'a ya yi wasa, har Miami Dolphins ta ɗauke shi a 2009, a zagaye na huɗu na zaɓen 'yan wasan gasar ƙwararru ta NFL, wato ba ya cikin waɗanda aka yi rububinsu. Duk da haka ya haura yadi 1,000 a 2012, ya maimaita a 2013, ya ƙare wasansa a Cleveland a 2015. To ka ji inda abin ya burge ni. A 2017 ya dawo jami'ar a matsayin ƙaramin ma'aikaci, irin masu zama gaban kwamfuta suna tsinto kurakurai a bidiyon wasa don amfanin manya. Mutumin da ya shekara bakwai ana nuna shi a talabijin! A 2018 aka sallami mai riƙe da masu cafe ana dab da fara kaka, aka ce Hartline ya riƙe na wucin gadi. Kafin shekarar ta fita an tabbatar masa da kujerar.

Da farko ni ma cewa na yi, mene ne abin koyarwa a cafe ƙwallo? Ai ko yaran da ke wasan 'yar carafke sun iya. Wani abokin aikina, wanda ke horar da yaran sakandare da yamma, shi ya fitar da ni daga duhu. Ranar nan a wajen ajiye motoci ya ce in miƙo hannuwa. Ya haɗa manyan yatsuna biyu da manuniya biyu, suka bar 'yar taga a tsakiya, ya ce ta nan hancin ƙwallon zai shigo idan ta zo sama da ƙugu, idan kuma ta yi ƙasa sai ƙananan yatsu su haɗu. Ya jefo, na tare da ƙirji kamar yadda muka saba, ta yi tsalle ta shige ƙarƙashin wata mota. Sai da na kwanta rub da ciki na zaro ta, yana ta ƙyaƙyata dariya. Daga nan ya koma kan ƙafa: taku nawa za ka yi kafin ka juya, yadda za ka sauke ƙugu ka dasa ƙafa ɗaya ka karya kwana ba tare da kafaɗarka ta tona maka asiri ba, yadda idonka zai yi wa mai tsaronka ƙarya. Ya ce a jami'a ƙafa ɗaya cikin layi ta wadatar, a NFL sai biyu, don haka koci mai hangen nesa biyun yake koyarwa tun yanzu. Wallahi sai na tuna da kai a filin makarantar firamare, kana ta fama da yaron nan a kan inda zai ajiye ƙafarsa kafin ya yi tsalle.

Rabin aikin ma ba a fili yake ba. Yawo ne gida gida, jiha jiha, ana zama a falon iyayen yaro ɗan shekara 17 ana lallashinsu su ba da ɗansu, alhali wasu jami'o'in ma sun yi layi a ƙofa. Nan Hartline ya yi wa tsara fintinkau, domin yana da abin nunawa. A zaɓen NFL na 2022, cikin yaransa an ɗauki Garrett Wilson na 10 a duk ƙasar, Chris Olave na 11. A 2023 Jaxon Smith-Njigba, a 2024 Marvin Harrison Jr. na 4, a 2025 kuma Emeka Egbuka, wanda sunan kaɗai ya ishe ka sanin jinin ƙasarmu ne. Shekara huɗu a jere, duk a zagayen farko, duk daga ɗaki ɗaya, wato rukunin masu cafe na Hartline.

Shi ma fa an taɓa yi masa irin taka. A 2023 aka ba shi jagorancin ɓangaren kai hari gaba ɗaya, shekara na zagayowa aka kawo Chip Kelly, tsohon hannu, aka ɗora a kansa. Bai tattara kayansa ba, ya ci gaba da yaransa. A wasan ƙarshe na ƙasa, ranar 20 ga Janairun 2025 a Atlanta, Ohio State na gaba da 31 da 7, sai abokiyar karawarta jami'ar Notre Dame ta taso zuwa 31 da 23, saura ƙasa da minti uku, gidan da muke kallo ya yi tsit. Dama ta uku ce, ana neman yadi 11. Aka cilla wa Jeremiah Smith, ɗan aji ɗaya mai shekara 19, ya cafe ta yadi 56. Aka tashi 34 da 23, Ohio State ta yi nasara. Kelly ya tafi NFL bayan nan, aka mayar wa Hartline kujerarsa.

Ni dai a nawa ganin, ƙaramin ɗakin ya fi dacewa da shi. Ba kowane gwanin ɗinki ne ke iya riƙe shago ba, kuma babbar kujera kan raba mutum da koyar da taku. Abokin aikina ya ce ban san komai ba, mun kusa awa guda muna musu.

Yanzu ka ba ni labarin yaran nan uku. Dogon nan mai tsoron ƙwallon sama yana nan? Ka auno mini tafin hannun kowannensu, na ga safar gola mai kyau da sauƙin kuɗi, zan ba mai zuwa gida ya taho muku da ita. In ka samu mai tahowa kuma, yajin Hajiya ya ƙare tun watan jiya.

Ka gaishe ta da kyau, da duk 'yan majalisa.

Naka har kullum,
Amininka na Columbus.