Beli kafin kamu: mai motar haƙa ya kwana gida, direba ya kwana sel

Malam Edita, assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka, Allah ya ƙara basira.

Ni ɗalibi ne, shekarata ta uku kenan ina karatu a jihar Haryana ta ƙasar Indiya, amma jaridarku ba ta wuce ni a waya, kuma duk sanda na ga labarin an kama masu haƙar yashi ko ƙasa ba bisa ƙa'ida ba sai na tsaya na duba hoton da kyau, mutanen da ake zaunarwa a ƙasa gaban mota kullum dai su ne, direba da yaron mota da masu shebur, silifas duk laka. Ban taɓa ganin mai tifar a hoton ba. Shi yasa nace bari in ba masu karatu labarin wani abu da ya faru a kan idona a nan, wanda har yau yana ci min rai.

A Indiya akwai wani irin beli da mu ba mu saba da shi ba a gida, beli ne da mutum ke nema tun ba a kama shi ba. Da Hindiyanci suna ce masa agrim zamanat, ni dai belin riga-kafi nake kiransa, kalmar zamanat ɗin ma asalinta ɗaya da lamuni namu, duk daga Larabci. Idan mutum ya ji ƙishin-ƙishin cewa sunansa ya shiga takardar ƙorafi ta 'yan sanda, wadda suke kira FIR, a kan laifi mai nauyi da ba a bada belinsa a caji ofis, to sai ya ruga kotun gunduma ko babbar kotun jiha ya roƙi alƙali ya bada umarni cewa in an zo kama shi a sake shi nan take a kan beli. Da sashe na 438 ne na dokar shari'ar laifuka ta 1973, yanzu ya koma sashe na 482 a sabuwar dokar da ta fara aiki ranar 1 ga Yuli 2024. Ba kyauta ake bayarwa ba, akwai sharuɗɗa, dole ka je duk lokacin da mai bincike ya neme ka, ba ka tsorata shaidu, ba ka barin ƙasar sai da izinin kotu. Kotun ƙoli tun 1980 a shari'ar Gurbaksh Singh Sibbia ta ce kar alƙalai su ƙuntata wannan dama, sannan a 2020 a shari'ar Sushila Aggarwal ta ƙara da cewa ba dole sai an yanka wa belin wa'adi ba, yana iya raka mutum har ƙarshen shari'a.

Inda nake haya wajen gari ne, yankin Jhajjar, ko'ina ka waiga dogon bututun hayaƙi ne na masu gasa jan bulo. Ƙasar noma suke ci Malam Edita, ƙasar sama mai albarka, manomi yana cikin matsin bashi ko aurar da 'ya sai dillali ya zo ya saye ƙasar gonarsa ta zurfin 'yan ƙafafu, a rubuce kaza, amma da daddare a kawo motar haƙa JCB a zarce. Akwai gonar da nake wucewa ta gefenta in zan shiga makaranta, na san ta da alkama, yanzu rami ne da in na sauka ciki ba a hango kaina daga hanya, sun haƙe ko'ina sun bar turken wutar lantarki shi kaɗai a kan wani ɗan tsibirin ƙasa kamar turmi, ruwan damina na farko da ya sauka kuma sai gefen gonar maƙwabci ya zaftare ya bi ramin, tsohon mai gonar yana tsaye yana kallo hannu a ka. Shi bai sayar da komai ba, bai karɓi ko rufi ɗaya na kuɗin Indiya ba. Don haka kar wani ya ɗauka ina kare masu wannan ɓarna ne, wallahi ɓarna ce, kuma doka ta san da ita, dokar ma'adinai ta 1957 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 5 da tarar da ta kai rufi 500,000 a kan kowace hekta, ga ƙwace mota da kayan aiki, kuma 'yan sanda na iya haɗawa da tuhumar sata.

To wani dare aka kai samame wata gona can bayan layinmu. Wanda aka samu a wurin yaro ne ɗan jihar Bihar da ke ɗaki ɗaya da wasu 'yan ci-rani a gidan da ke kallon namu, direban tarakta ne mai jan ƙasa, kuɗin yini ake biyansa, muna gaisawa kullum a wurin mai shayi har yana koya min Hindiyanci ni kuma ina koya masa sannu da aiki. Shi aka tafi da shi a daren. Sunan ɗan kwangilar da ke da motar haƙan ma ya shiga takardar, amma kafin gari ya waye ya kulle waya ya yi ɓatan dabo, lauyansa ya shigar da takardar neman belin riga-kafi, aka ba shi kariya ta wucin gadi, daga baya aka tabbatar masa. Hujjar da lauyoyi ke kawowa a irin wannan shari'a kusan ɗaya ce, an riga an kama mota, rami yana nan ba zai gudu ba, babu wani abu da za a samu ta hanyar tsare shi, kuma ga shi a shirye yake ya amsa tambayoyi. Maganar gaskiya hujjar ba ta da laifi. Abin da ya tsaya min a wuya shi ne duk kalmar da aka faɗa a kan ɗan kwangila ta fi dacewa da direban sau goma, shi da ko takardar yarjejeniyar bai taɓa gani ba, amma shi ba shi da damar neman wannan beli tunda an riga an kama shi, sai dai beli na yau da kullum, shi ma ana neman mai tsaya masa da ke da takardun gida ko gona, baƙo ɗan ci-rani ina zai samu? Sama da sati uku ya yi a tsare kafin 'yan ɗakinsu su yi karo-karo su samo lauya da wanda ya yarda ya tsaya masa. Ranar da ya dawo na gan shi zaune bakin famfo yana wanke riga ɗaya tilo, ya rame idanunsa sun faɗa, na ce masa sannu, ya ɗago ya ce min sannu da aiki kamar yadda na koya masa, na rasa abin da zan ce. A satin nan ɗan kwangilar yana yawo da motarsa a layin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kuma fa ba wai manyan alƙalan ƙasar ba su san da wannan ba. Tun 1978 kotun ƙoli ta yi shari'ar wani magini talaka mai suna Moti Ram, wanda majistare ya ɗora wa belin rufi 10,000 kuma ya ƙi karɓar ɗan'uwansa a matsayin mai tsaya masa don kawai daga wata gunduma yake, kotun ta yi fatali da hakan. A 2014 kuma a shari'ar Arnesh Kumar ta ce laifin da hukuncinsa bai wuce shekara 7 ba kar ɗan sanda ya kama mutum haka kawai sai ya rubuta dalili. Duk wannan yana nan a takarda, amma har yanzu kusan kashi uku cikin huɗu na mutanen da ke gidajen yarin Indiya jiran shari'a suke.

Na san akwai masu cewa to a soke belin riga-kafi gaba ɗaya ga masu haƙar ƙasa da yashi da dutse, kuma na fahimci zafinsu, don a wannan jihar da nake a watan Yulin 2022 wata tifar dutse ta take wani babban jami'in 'yan sanda mai suna Surender Singh a gundumar Nuh lokacin da ya je hana haƙar dutse a tsaunukan Aravalli, kafin nan a 2012 an kashe wani matashin jami'i Narendra Kumar da tarakta a Morena ta jihar Madhya Pradesh. Mutanen da ke iya wannan bai kamata a yi musu sassauci ba, kuma alƙali yana da ikon ya ƙi, musamman ga wanda ya saba ko ya tayar wa jami'ai. Amma ni ban yarda sokewa ce magani ba. Jihar Uttar Pradesh ta cire wannan beli daga dokarta a 1976, sai 2019 ta dawo da shi. Mai kuɗi ko an rufe wannan ƙofar zai samu taga, mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya, wanda zai ƙara shiga uku shi ne ƙaramin manomin da abokin gaba ya kai ƙararsa don rikicin iyaka, ko wanda ya ɗebi amalanke biyu daga gonarsa zai cike tsakar gida. Abin da nake so in gani shi ne hujjar da ta isa ta hana mai mota kwana a sel ta isa ta fito da direbansa washegari, kuma lauyan kyauta da doka ta ce a ba marar hali ya iso tun a caji ofis, ba sai bayan sati uku ba.

Ina rubuto wannan ne don mu ma a gida ba baƙon abu ba ne. Duk ɗan Kano ya san kududdufai, ya san yadda aka cinye ganuwa da haƙar ƙasa, ya san tifofin da ke fitowa daga Challawa da Tamburawa da Wudil ruwa na zuba ta bayansu, kuma duk damina sai mun ji yaro ya nutse a ramin da aka haƙa aka bari. Tun 2024 gwamnatin tarayya ta kafa rundunar musamman ta sibil difens don kama masu haƙar ma'adinai ba izini. Mu ba mu da belin riga-kafi da wannan suna, amma mai hali yana garzayawa babbar kotu da ƙarar kare haƙƙin ɗan Adam tun kafin a taɓa shi, talaka kuwa ko awa 24 ko 48 da sashe na 35 na tsarin mulki ya ce a kai shi gaban alƙali bai san da su ba, kuma an rubuta beli kyauta ne a bangon caji ofis amma kowa ya san abin da ake ciki. Ina kira ga 'yan majalisunmu da ƙungiyar lauyoyi su duba wannan tsari na Indiya da idon basira, su ɗauki alherinsa su toshe ramin da na gani.

Roƙona gare ka kuma Malam Edita, dan Allah idan wakilanku suka je ɗaukar labarin irin wannan kamu su riƙa tambayar jami'an, tifar ta waye, wa ya sayar da filin, wa ke sayen ƙasar, kuma bayan sati biyu su koma su gano mana ko waɗanda aka zaunar a ƙasa an kai su kotu. Shi yaron nan ya bar tuƙin tarakta ya koma ƙauyensu a Bihar, amma shari'ar tana nan, duk zaman kotu sai ya biya kuɗin jirgin ƙasa ya yi tafiyar kusan kwana guda ya zo ya amsa sunansa.

Na gode da ba ni fili, Allah ya taimaka.

Naku,
ɗalibi ɗan Kano, daga jihar Haryana, Indiya