Zuwa ga Shugabar Kwamitin Olamfik na Duniya, Kirsty Coventry: a gyara hukuncin Seoul

Ranki ya daɗe,

Barka da hawa kujera. Mun yi murna a watan Yunin 2025 da 'yar Afirka ta karɓi ragamar kwamitin nan karo na farko. Gaisuwar ke nan, ga abin da ke tafe da ni.

Maganar damben 2 ga Oktoba 1988 ce, a gasar Olamfik ta Seoul a Koriya ta Kudu, kuma na san ba baƙuwa ba ce a ofishinki na Lausanne. Roy Jones na Amurka, yaro ɗan shekara 19, ya yi turmi uku yana jibgar Park Si-hun na Koriya ta Kudu a damben ƙarshe na ajin kilo 71. Naushi 86 ya zauna a jikin Park, shi kuwa 32 ya iya ramawa. A turmi na biyu har sai da rafali ya tsayar da wasa ya ƙirga wa Park takwas. Da aka tashi, alƙalai uku cikin biyar suka ce Park ne ya ci.

Ki sa a kunna miki faifan, ki dubi fuskar Park sa'ad da aka ɗaga hannunsa. Kamar wanda aka kama da kayan da ba shi ya sata ba. Jones kuwa tawul ya rufa a fuska ya sauka. A filin dambenmu na gargajiya, alƙalin da ya yi wannan aika-aika da wuya ya fita da rigarsa a wuya.

Alƙalin Maroko da bakinsa ya ce ya san Jones ne ya ci, wai ya ba Park ne don kada masu masaukin baƙi su kunyata, yana zaton sauran huɗun za su zaɓi Jones. Na Yuganda ya rubuta kunnen doki, sannan ya karkata ga Park. Sai abin dariya: a gasar dai aka miƙa wa Jones kofin Val Barker na gwanin 'yan damben gasar baki ɗaya. Gwanin kowa da kowa, amma wai bai iya cin ajinsa ba. Madalla da wannan lissafi!

A 1997 kwamitinku ya yi bincike, ya tarar masu masauki sun sha yi wa alƙalan liyafa, amma ya ce babu hujjar cin hanci, a bar kaza cikin gashinta. Aka lallashi Jones da lambar girmamawa ta Olamfik. Lambar girma ya je Seoul nema?

Kada a ce mana alƙalami ya bushe. A 2002, a Salt Lake City, cikin 'yan kwanaki kuka ƙara zinare na biyu ga 'yan Kanada biyu masu wasan zamiya a ƙanƙara saboda an murɗe hukunci. A 2022 kuka mayar wa ɗan wasan guje-guje da tsalle-tsalle na Amurka Jim Thorpe cikakken matsayinsa na zakara a gasar 1912, bayan shekara 110. Ashe in kun ga dama kuna iyawa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wanda ya riga ku. A 2023 Park ya ɗauko lambar zinaren, ya tako har Pensacola a jihar Florida, ya danƙa ta a hannun Jones. Mutumin da ya daina dambe bayan wasan nan, ya koma koyarwa, ya yi shekaru yana shan zagi kan laifin da ba nasa ba, shi ne ya yi abin da ya kamata ku yi. Lambar tana gidan mai ita yanzu, littafinku ne kawai yake ta musu.

Ranki ya daɗe, ke 'yar wasa ce. Lambobin Olamfik bakwai kika ciyo a ninƙaya, kin kuma shugabanci kwamitin 'yan wasa. Kin san wahalar da ake sha kafin a kai wasan ƙarshe. Don Allah ki duba.

Akwai batun maguɗin alƙalancin dambe a gasar Rio ta 2016 da rahoton binciken McLaren ya tona, akwai kuma tambayar su wa za su zauna a kujerar alƙalanci a gasar Los Angeles ta 2028. Waɗannan sai wata rana. Yau abu ɗaya nake nema: ki kai maganar gaban majalisar zartarwarku, a rubuta sunan Roy Jones a layin zinare na 1988. In ana tsoron taɓa sunan Park, a bar shi, a rubuta su biyun kamar yadda aka yi a 2002. Dukansu suna raye, a kira su Los Angeles a yi a gabansu.

Naki,
wani tsohon mai kallon dambe